Ɓeran Gwaji da Cutar Hapis: Abin da Aka Gano, da Inda Binciken Ya Tsaya

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa mutane kusan biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin ɗari na masu waɗannan shekarun, suna ɗauke da ƙwayar cutar hapis nau'i na farko, wadda masana ke yi wa laƙabi da HSV-1. Nau'i na biyu kuwa, HSV-2, yana jikin mutane kusan miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowane yanki yawan masu ɗauke da shi idan aka auna da yawan jama'a. Duk da haka, har yau babu allurar rigakafin hapis ko guda da wata hukuma ta amince da ita, babu kuma maganin da ke fitar da ƙwayar daga jiki baki ɗaya.

Mafi yawan abin da duniya ta sani game da yadda garkuwar jiki ke fama da wannan ƙwaya, daga jikin ɓeran ɗakin gwaje-gwaje aka fara samo shi. Ta ɓera aka gano inda ƙwayar ke ɓuya, ta ɓera aka gano masu gadin da ke hana ta tashi, kuma a ɓera ne alluran rigakafi da dama suka yi nasara kafin su gaza a jikin ɗan Adam. Sanin wannan tarihi yana da amfani ga duk wanda ke karanta labarin "an gano maganin" wata cuta, domin ya san tambayar da ya kamata ya yi kafin ya gaskata.

Mece ce cutar hapis?

Hapis bairos ce, wato ƙwayar cuta ƙanƙanuwa wadda ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin jikin mutum ta mayar da su masana'antarta. HSV-1 galibi tun ana yaro ake kamuwa da shi ta hanyar yawu da taɓa baki, kuma shi ne ke fito da ƙurajen nan masu ruwa a gefen leɓe, musamman bayan zazzaɓi. HSV-2 ta hanyar jima'i yake yaɗuwa, yana haddasa ƙuraje da gyambo a al'aura. Nau'i na farkon ma yana iya kama al'aura. Akasarin masu ɗauke da ƙwayar ba su san suna da ita ba, domin ba ta nuna musu wata alama, amma hakan bai hana su yaɗa ta ba.

Haɗarinta na gaske yana bayyana ne a wurare huɗu. Tana iya kama ido ta bar tabo a kansa har ta kai ga makanta. Tana iya haurawa ƙwaƙwalwa ta jawo kumburi, wanda idan ba a yi magani ba yakan kashe kusan mutum bakwai cikin goma. Tana iya kama jariri lokacin haihuwa, abin da hukumar ta ƙiyasta yana faruwa a kusan haihuwa 10 cikin kowace 100,000 a duniya. Sannan mai ɗauke da HSV-2 ya fi wanda ba shi da shi yiwuwar kamuwa da ƙwayar HIV da kusan ninki uku. Wannan na ƙarshe shi ya sa batun ya shafi manufofin lafiya na ƙasashen Afirka kai tsaye.

Akwai maganin da ke rage kaifin ciwon. Shi ne asaikilobiya, wanda aka samar a kamfanin Burroughs Wellcome a shekarun 1970, kuma Gertrude Elion, wadda ta sami lambar yabo ta Nobel a 1988, na cikin waɗanda suka fayyace yadda yake aiki. Maganin yana tsayar da ƙwayar ne lokacin da take hayayyafa. Wadda ta kwanta a ɓoye kuwa, ba ya taɓa ta.

Me ya sa ɓera?

Ba a yarda a sanya wa mutum cuta da gangan sannan a fede jijiyoyinsa a ga abin da ya faru ba. Dole a nemi wata halitta mai garkuwar jiki irin ta mutum. Ɓera yana da wannan: yana da ƙwayoyin jini masu kai farmakin farko, yana da waɗanda ake kira ƙwayoyin T masu gane maƙiyi su riƙe kamanninsa, yana kuma samar da sinadaran kariya da ake kira antibodi. Ga shi da sauƙin kiwo, cikinsa kwana 19 zuwa 21 ne kawai, don haka a shekara ɗaya ana samun zuriya da yawa.

Babban amfaninsa shi ne an daɗe da tace jinsinsa. Ta hanyar haɗa 'yan uwa aure tsawon zuriya masu yawa, an sami ɓerayen da ƙwayoyin gadonsu kusan iri ɗaya ne, kamar tagwaye. Mafi shahara shi ne baƙin ɓeran nan C57BL/6, wanda asalinsa ya koma ga aikin Clarence Little a shekarun 1920, mutumin da ya kafa cibiyar Jackson a jihar Maine ta Amurka a 1929. Idan aka ɗauki irin waɗannan ɓeraye ashirin aka yi wa goma allura aka bar goma, duk bambancin da aka gani ana iya danganta shi ga allurar. Daga baya kuma aka iya cire ƙwayar gado guda ɗaya tak daga jikin ɓera don a ga aikinta, dabarar da ta samo wa Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies lambar Nobel a 2007.

A 1975 Carlos Lopez ya nuna cewa ɓeran C57BL/6 yana jure wa HSV-1, alhali wasu jinsuna irin su BALB/c da A/J suna saurin mutuwa da ƙwaya iri ɗaya. Wannan ya tabbatar da cewa gado yana da hannu wajen tsananin ciwon, ba ƙarfin ƙwayar kaɗai ba.

Hanyoyin sanya wa ɓera cutar

Masu bincike suna zaɓar hanya gwargwadon tambayar da suke neman amsarta. Mai nazarin ciwon ido yakan ɗan karce saman idon ɓera bayan an sa shi barci, ya ɗiga ƙwayar. Mai nazarin fata yakan bi ta tafin ƙafa ko gefen ciki, ya lura da yadda ƙurajen ke bin layin jijiya. Mai nazarin kumburin ƙwaƙwalwa yakan bi ta hanci. Mai nazarin ciwon al'aura kuwa yakan sanya ƙwayar a farjin macen ɓera.

Hanya ta ƙarshen tana da sharaɗi. Macen ɓera ba ta kamuwa cikin sauƙi sai a wani lokaci na zagayen jikinta, don haka ake fara yi mata allurar sinadarin da ke cikin Depo-Provera, wanda ke sirantar da fatar wurin. Wannan na cikin abubuwan da suka taɓa tayar da tambaya game da matan da ke amfani da allurar don tazarar haihuwa. An amsa tambayar da gwaji a kan mutane: binciken ECHO, wanda ya ƙunshi mata kusan 7,800 a Eswatini da Kenya da Afirka ta Kudu da Zambiya, ya bayyana a 2019 cewa babu wani bambanci mai yawa wajen kamuwa da HIV tsakanin masu allurar da masu amfani da sauran hanyoyi biyu da aka gwada. Ɓera na cikin abubuwan da suka buɗe tambaya, amma hukuncin daga gwajin mutane ya fito.

Maɓuyar ƙwayar

Tun a shekarun 1920 Ernest Goodpasture ya nuna a jikin zomaye cewa ƙwayar tana tafiya ta cikin jijiyoyi. Amma inda take kwanciya tsakanin tashi da tashi ya kasance hasashe har zuwa 1971. A shekarar ne Jack Stevens da Margery Cook na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles suka sanya wa ɓeraye ƙwayar a tafin ƙafa, suka jira har dabbobin suka warke. Da suka niƙa ƙullin jijiyoyin da ke gefen laka, ba su ga ƙwaya mai rai ba. Da suka ciro ƙullin suka rene shi a kwanon gwaji na wasu kwanaki, sai ga ƙwayar ta farka tana hayayyafa. Cikin shekara biyu aka tabbatar da haka a ƙullin jijiyoyin fuska na gawarwakin mutane.

Yanzu an san cewa HSV-1 yakan kwanta ne a ƙullin jijiyar da ke kai saƙon ji daga fuska, HSV-2 kuma a ƙullin da ke ƙasan gadon baya. A can ƙwayar ke rufe kusan dukkan ayyukanta, ba ta fitar da abin da garkuwar jiki za ta gane cikin sauƙi. Zazzaɓi ko zafin rana ko damuwa ko raunin garkuwa na iya tada ita, ta sake bin jijiya ta fito fata.

Matakan tsaron jiki

Matakin farko shi ne ƙararrawa. Ƙwayoyin jiki suna da na'urorin da ke jin shigowar baƙon abu, su saki wani furotin mai suna intaferon wanda ke gargaɗin maƙwabta su rufe ƙofa. Ɗakin binciken Glen Barber ya nuna a 2009 cewa ɓeran da aka cire wa furotin STING yana saurin mutuwa da HSV-1. A 2013 Zhijian Chen na cibiyar likitanci ta Southwestern ta Jami'ar Texas a birnin Dallas ya gano cGAS, wanda shi ne ke fara jin ƙwayar gadon bairos ɗin ya tada STING, kuma ɓerayen da ba su da shi su ma hapis ya kashe su.

A nan binciken ɓera da na mutane suka haɗu. Jean-Laurent Casanova da abokan aikinsa a Faransa sun gano a 2006 da 2007 cewa wasu yaran da hapis ya kumbura wa ƙwaƙwalwa an haife su ne da naƙasa a hanyar wata na'urar ƙararrawa mai suna TLR3. Yaran lafiyarsu ƙalau game da sauran cututtuka, wannan ƙofa guda ce a buɗe. Daga baya masu bincike a Jami'ar Aarhus ta Denmak suka ga cewa ɓeran da ba shi da TLR3 shi ma ƙwayar ta fi saurin mamaye masa laka da ƙwaƙwalwa.

Mataki na biyu shi ne masu gadi. An daɗe ana zaton cewa idan ƙwayar ta kwanta, garkuwar jiki ba ta ganinta sam. Ɗakin binciken Robert Hendricks na Jami'ar Pittsburgh ya sauya wannan fahimta. Sun ga ƙwayoyin T nau'in CD8 sun yi sansani a cikin ƙullin jijiyar ɓera, suna manne da jijiyoyin da ƙwayar ke ciki. A jinsin C57BL/6, kusan rabin waɗannan masu gadi guntu ɗaya tak suke ganewa na wani furotin da ke jikin rigar bairos ɗin. A 2008 suka nuna cewa masu gadin suna hana ƙwayar tashi ba tare da sun kashe jijiyar ba, ta hanyar lalata wani furotin da bairos ɗin ke buƙata don ya farka. Wannan yana da muhimmanci, domin jijiya ba ta sake tsirowa kamar fata. An kuma sami irin waɗannan ƙwayoyin T a ƙullin jijiyoyin mutane.

Mataki na uku shi ne tsaron bakin iyaka. Akiko Iwasaki ta Jami'ar Yale ta lura cewa ƙwayoyin T da ke yawo a jini ba sa shiga fatar al'aura cikin sauƙi, sai cuta ta riga ta shiga. A 2012 ita da Haina Shin suka gwada dabara mai hawa biyu: a fara yi wa ɓera allura a jiki don a horar da ƙwayoyin T, sannan a shafa wasu sinadarai a farji waɗanda ke kiran su su zo su zauna a wurin. Ɓerayen da aka yi wa haka sun tsira, kuma ƙwayar ta ragu sosai a jijiyoyinsu.

Inda ɓera ya bambanta da mutum

Hapis cutar ɗan Adam ce. Ta yi zamani mai tsawo tana zaune da shi, ta kuma ƙera makamanta daidai da garkuwarsa. Makaman nan ba sa cin ɓera yadda suke cin mutum.

Misali, bairos ɗin yana da furotin ICP47 wanda ke toshe hanyar da ƙwayar jiki ke bi ta nuna wa ƙwayoyin T cewa an shige ta. A jikin mutum toshewar tana da ƙarfi, a jikin ɓera kuwa rauni gare ta ƙwarai. Yana da wani furotin, gE, wanda ke kama antibodin mutum ta wutsiya ya hana shi aiki, amma ba ya kama na ɓera. Ma'ana, ɓera yana yaƙi ne da maƙiyin da aka ƙwace wa wasu makamai, don haka allurar rigakafi tana iya yin kyau a jikinsa fiye da ƙimarta ta gaskiya.

Bambanci na biyu shi ne tashin ciwon. A mutum ƙwayar tana farkawa da kanta akai-akai, sau da yawa ba tare da ƙurji ba. A ɓera da wuya ta fito da kanta, sai an tilasta mata. Nancy Sawtell da Richard Thompson sun bayyana wata hanya a 1992, inda ake tsoma ɓera a ruwa mai zafin digiri 43 na minti goma. Saboda wannan gibin ne ake komawa ga ɓeran Masar wajen nazarin ciwon al'aura mai dawowa, da zomo wajen na ido.

Bambanci na uku shi ne tsafta. Ɓeran gwaji a keji mai tsafta yake tashi, bai taɓa haɗuwa da cututtukan duniya ba. Wani bincike daga Jami'ar Minnesota a 2016 ya nuna cewa garkuwar irin wannan ɓera ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa, yayin da ta ɓeran kasuwa ko na daji ta fi kama da ta baligi.

Alluran da suka gaza a jikin mutane

Kamfanin Chiron ya gwada allura mai furotin biyu na rigar HSV-2, wadda ta kare dabbobin gwaji. Sakamakon da aka buga a 1999 ya nuna ba ta kare mutane ba. Kamfanin GlaxoSmithKline tare da cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka gwada wata a kan mata 8,323 masu shekara 18 zuwa 30 a Amurka da Kanada. Sakamakon 2012 ya nuna ta rage ciwon al'aura na HSV-1 da kashi 58 cikin ɗari, amma ba ta yi komai ba a kan HSV-2, wanda dominsa aka ƙera ta. Kamfanin Genocea ya ajiye tasa allurar a 2017, GSK kuma ya dakatar da wata sabuwa a watan Satumba na 2024 bayan ta kasa cika ma'aunin da aka sa mata.

Gazawar ta koya wa masu bincike su ɗaga ma'auni. A da, in ɓera bai mutu ba sai a ce allura ta yi aiki. Yanzu ana tambayar ko ƙwayar ta isa jijiya, da ko dabbar tana fitar da ita a ɓoye. Harvey Friedman na Jami'ar Pennsylvania ya ƙera allurar mRNA mai nufin furotin uku, biyu daga cikinsu makaman da bairos ɗin ke kauce wa garkuwa da su ne. Ta yi kyau a ɓera da ɓeran Masar a 2019, kuma kamfanin BioNTech ya fara gwada ta a mutane a ƙarshen 2022. A birnin Seattle kuma, Keith Jerome na cibiyar Fred Hutch yana amfani da wasu sinadarai masu yanka ƙwayar gadon bairos ɗin a maɓuyarsa. A 2024 ya ba da rahoton kawar da kashi 90 cikin ɗari ko fiye na ƙwayar da ke kwance a jijiyoyin ɓeraye. Wannan sakamakon ɓera ne, kuma tarihin da ya gabata ya isa ya sa a jira na mutane.

Batun doka da amana

Jinkirin nan yana da haɗarinsa, domin masu fama da ciwon sukan gaji da jira. William Halford, malami a Jami'ar Kudancin Illinois, ya ƙera allura daga bairos mai rai da aka raunana, ya ga ta kare dabbobin gwaji. Maimakon ya bi matakan da doka ta shimfiɗa, a 2016 ya kai mutane kusan ashirin tsibirin Saint Kitts da Nevis ya yi musu allurar, ba tare da sa idon hukumar abinci da magunguna ta Amurka ko kwamitin kare haƙƙin waɗanda ake gwaji a kansu ba. Ya rasu a 2017. A shekarar ce 'yar jarida Marisa Taylor ta kafar Kaiser Health News ta bankaɗo lamarin, har da cewa tun 2013 ya yi wa wasu allurar a ɗakunan otal a Illinois. Gwamnatin tsibirin ta ce ba a nemi izininta ba. Al'ummar da ba ta manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba ta san abin da ke biyo baya idan aka kai gwaji inda sa ido ke da rauni: cutarwa ga waɗanda aka gwada, da zubewar amana ga rigakafi gaba ɗaya.

Su ma dabbobin akwai muhawara a kansu. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: a maye gurbin dabba da wata hanya in akwai, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a kuma sassauta musu wahala. A Birtaniya dokar 1986 ta wajabta lasisi kafin a yi irin wannan gwaji. A Amurka kuwa, dokar jin daɗin dabbobi ta tarayya ta cire ɓerayen gwaji daga cikin dabbobin da take karewa, sai dai ƙa'idojin masu ba da kuɗin bincike su ke tsare su. A watan Disamba na 2022 Amurka ta yi dokar da ta soke wajabcin gwada kowane sabon magani a dabba kafin mutum, ta buɗe ƙofa ga wasu hanyoyi kamar ƙwayoyin jijiyar mutum da ake renowa a kwano. Sai dai kwano ba shi da fata da jijiya da jini da ke aiki tare, kuma hapis a tsakanin waɗannan ukun yake rayuwa.

Akwai kuma tambayar wa za a yi wa allurar idan ta samu. Babban gwajin da aka buga a 2012 a Arewacin Amurka aka yi shi, alhali nauyin HSV-2 da haɗuwarsa da HIV a Afirka ya fi yawa. Duk allurar da ta tsallake matakin ɓera za ta buƙaci gwaji a cikin al'ummomin da suka fi buƙatarta, ƙarƙashin hukumomin ƙasa masu ikon cewa a'a, da yarjejeniya kan farashi tun kafin a fara. Kafin nan, duk wanda ya ga labarin an kawar da hapis yana da tambayoyi uku da zai yi: a jikin wace halitta aka gwada, mene ne ainihin abin da aka auna, kuma wace hukuma ce ta sa ido.